Yadda Za Ka Kare Talabijin Ɗin Filasma Daga Tabon Allo

Tabon allo ba rana ɗaya yake kama filasma ba. Sai ta shekara tana nuna tasha guda, hoto tar, babu wanda ya lura da komai. Ranar da aka sa fim mai farin sararin sama, ko talla mai farin bango, sai a hangi shatin tambarin tashar a kusurwa, ko wani dogon zane a ƙasa inda rubutun labarai yake gudu. A canza tasha yana nan, a kashe a kunna yana nan.

Abin da ya sa batun ya cancanci a zauna a kansa shi ne, an daina ƙera filasma. Kamfanin Pioneer ya sanar da fitarsa daga harkar a 2009, Panasonic ya tsayar da ƙira a ƙarshen 2013, Samsung da LG suka bi sahu a ƙarshen 2014. Duk filasmar da ke falonka ko gidan kallonka yau ta haura shekara goma, kuma idan allonta ya lalace babu sabon da za a sauya mata. Ga shi kuwa har yanzu, wajen kallon ƙwallo da fim a ɗaki mai duhu, filasma mai lafiya ta fi da yawa daga cikin sababbin talabijin masu araha kyawun launi da zurfin baƙi, kuma wanda ke zaune a gefe yana ganin abin da na tsakiya yake gani. Kayan da ya kai haka ya dace a ririta shi.

Fara da tabbatar da cewa filasma ce

A kasuwanninmu duk talabijin mai faɗi filasma ake ce mata, alhali mafi yawansu LCD ne ko LED, waɗanda wannan matsalar ba ta cika damunsu ba. Juya bayan taka ka karanta lambar samfurin. Ta Samsung galibi tana farawa da PS ko PN. Ta LG za ka ga harafin P nan da nan bayan adadin inci, kamar 42PJ ko 50PT. Ta Panasonic tana zuwa da TH-42P, ko TX-P, ko TC-P. Filasma ta gaske tana da nauyi, fuskarta gilashi ne mai tauri, galibi inci 42 ce zuwa sama, samanta yana ɗumi bayan ta ɗan yi aiki, kuma idan ka kara kunne a baya lokacin da hoto ya yi fari za ka ji wani siririn zuuu. In ka ga waɗannan alamu, da kai ake.

Me yake faruwa a cikin gilashin

Sai ka gane wannan sannan sauran matakan za su zauna maka. Allon filasma ba shi da fitila a baya. Kowane ɗigon hoto gurbi uku ne ƙanana, ja da kore da shuɗi, a tsakanin gilasai biyu, cike da iskar niyon da zenon. Idan lantarki ya ratsa iskar sai ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya bugi sinadarin fosfo da aka shafe gurbin da shi, fosfon ya haskaka. Wato kowane ɗigo shi yake samar da haskensa, kuma kowane ɗigo tsufansa daban. Wanda aka fi wahalarwa shi yake riga dusashewa.

Dusashewar a kan kanta ba abin tsoro ba ce. Kamfanoni sun riƙa cewa samfuran baya-bayan nan sai sun yi awa 100,000 kafin haskensu ya ragu da rabi, na tsakiyar shekarun 2000 kuma awa 60,000. Ko awa takwas kake kallo kullum, awa 100,000 ta haura shekara 30. Matsala tana zuwa ne idan wani yanki ya tsufa ya bar sauran. Atamfar da aka rataye a bakin shago, rana ta ci ninkin da ke waje, in aka warware ta za ka ga layin koɗewar, kuma wanki ba ya mayar da shi. Farin tambarin da ya zauna a wuri ɗaya na dubban awoyi haka yake yi wa ɗigogin da ke ƙarƙashinsa.

Amma akwai iri biyu, kuma mutane suna haɗa su. Na farko inuwa ce ta wucin gadi: ragowar cajin lantarki ne ya maƙale a gurabun, sai ka ga shatin abin da aka gama kallo na 'yan mintuna, ko awoyi, wani lokacin har kwanaki, sannan ya baje. Kusan kowace filasma tana yin wannan, ba ciwo ba ne. Na biyu shi ne tabo na dindindin, inda fosfon ya riga ya cinye. Inuwar da take yawan dawowa a wuri ɗaya gargaɗi ce cewa tabo yana hanya.

Mataki na farko: duba halin da allon yake ciki

Ka samu filash ka zuba hotuna biyar masu launi guda, waɗanda suka cika allo: fari, toka-toka, ja, kore, shuɗi. Duk mai kwamfuta zai haɗa maka su cikin minti biyar. Kunna filasmar ta yi kamar minti goma tana nuna hoto mai motsi, ka rage hasken ɗaki, sannan ka buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ka tsaya taku uku daga allon, ka dubi kusurwoyi huɗu, ka dubi ƙasa, ka dubi gefen dama da hagu. Mai launin toka shi ya fi tona asiri. A kansa ne za ka ga ɗan akwatin sakamakon wasa a sama ta hagu, kamar an ɗora yatsa mai maiƙo a gilashi, har wani lokacin ka iya karanta haruffan tashar. Ko kuma ka ga tsakiyar allon ta ɗan yi duhu-duhu, gefe biyu sun fi haske, da miƙaƙƙen layi a tsaye yana raba su.

Ɗauki hoton abin da ka gani da waya ka ajiye. Bayan wata biyu ka sake gwadawa ka kwatanta, domin ido yana sabawa da tabo har ya daina ganinsa.

Wannan gwajin ya fi muhimmanci ga mai shirin sayen ta hannu, ko tokumbo ce daga kasuwar Alaba ta Legas ko ta maƙwabci. Mai shago yakan sa bidiyo mai launuka masu tsalle-tsalle, wanda babu tabon da zai bayyana a kansa. Ka ce masa, “Alhaji, don Allah a sa min wannan filash ɗin in ga wani abu.” Mai kaya mai kyau ba zai ƙi ba. Ka fi sa ido a kan waɗanda suka yi aiki a otal, ko banki, ko filin jirgi, inda allo yake wuni yana nuna abu ɗaya. Wani abin daɗi ga mai sayen ta hannu shi ne, fosfo ya fi saurin cinyewa a awoyi 100 zuwa 200 na farko, shi ya sa a da ake ce wa mai sabuwa ya lallaɓa ta a makonnin farko. Taka ta wuce wannan matakin tuntuni. In ka saye ta, a ɗauko ta a tsaye, kada a kwantar da ita a bayan mota, gilashin yana iya tsagewa a gargada.

Mataki na biyu: rage ƙarfin hoton

In da abu ɗaya kawai za ka yi daga wannan jagorar, to wannan ne. Saurin cinyewar fosfo yana tafiya ne da ƙarfin hasken da ake tilasta masa ya fitar, saboda haka tambarin da zai yi tabo a filasmar da aka ƙure wa haske, a wadda aka sassauta wa zai ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya yi illa.

Danna Menu a rimot ka shiga sashen Picture. Za ka tarar da yanayin hoto kala-kala. Idan yana kan Dynamic ko Vivid, cire shi yanzu. An yi wannan yanayin ne domin talabijin ta ƙwace ido a shago mai fitilu da yawa, kuma shi ne babban mai kashe allo. Mayar da shi Cinema ko Movie, in ka ga ya yi maka duhu da yawa ka zaɓi Standard. A ranar farko za ka ga kamar hoton ya yi ja-ja ya rasa armashi. Ka daure kwana uku. Idon da ya saba da farin da ya karkata zuwa shuɗi ne yake maka gardama, kuma da zarar ya saba za ka ga fatar mutane da ciyawar fili sun koma kamanninsu na gaskiya.

Daga nan sai wurin da mutane da yawa suke kuskure. Akwai Brightness, akwai Contrast. Mai son rage haske yakan tafi kan na farkon, ya sauke shi, ya bar na biyun a 100. Alhali Brightness baƙin hoto yake daidaitawa, wato yadda wurare masu duhu za su fito. Contrast shi ne yake iko da ƙarfin fari, kuma fari shi ne yake cin fosfo. Saboda haka bar Brightness a wajen tsakiya, ka sauke Contrast. Lambobin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ga yadda za ka yi ba tare da dogaro da lamba ba: sa tasha mai farin tambari da dare, ka riƙa saukewa har farin ya daina sokar ido, amma bai koma toka ba. A mafi yawan filasma wannan yana faɗowa tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na ma'aunin. A wasu samfuran Panasonic na Amurka sunan wannan ma'aunin Picture ne kawai. Masu Samsung suna da ƙarin wani mai suna Cell Light, shi ma a sauke shi daga ƙarshe zuwa wajen tsakiya.

Ka lura, yawancin talabijin suna ajiye saitin kowace kafa daban. In ka gyara na HDMI inda dikoda take, na kafar AV da na filash suna nan yadda suke. Sai ka shiga kowace ka gyara. Sannan ka duba ko an bar ta a yanayin shago, wanda ake rubutawa Store Demo ko Shop. In tana nan, duk gyaran da ka yi za ta goge shi bayan ɗan lokaci ta koma ƙurewa. Mayar da ita Home.

Wanda zai ce da rana ba ya ganin hoto sosai, gaskiyarsa, gilashin filasma yana ɗaukar hasken taga. Maganin labule ne, ko sauya mata bango ta daina fuskantar ƙofa. Ƙara mata haske don ta yi gasa da rana asara ce. Akwai ma wata riba: wutar da filasma take ja tana hawa da sauka gwargwadon hasken hoton. Tsofaffin masu inci 42 za ka ga an rubuta wat 200 zuwa sama da 300 a bayansu. Sauke Contrast yana sauƙaƙa wa ƙaramin janareto da batirin inbata, yana kuma rage zafi.

Mataki na uku: kunna kariyar da aka gina mata

Kusan duk filasmar da aka yi daga tsakiyar shekarun 2000 tana da dabarar gusar da hoto kaɗan-kaɗan, ɗigo biyu zuwa huɗu, yadda ido ba zai lura ba. A Samsung ka nemi Screen Burn Protection, a ciki akwai Pixel Shift. Kunna shi ka sa gusawar kwance da ta tsaye a 4. A LG ka shiga Option, ka nemi ISM Method, ka zaɓi Orbiter. A Panasonic sunansa Pixel Orbiter, a Pioneer kuma Orbiter. A wasu samfuran ba ya aiki idan girman hoto yana kan Screen Fit ko Just Scan, to sai ka mayar da shi 16:9.

Kada ka ɗora masa abin da ba zai iya ba. Yana dusar da kaifin gefen tambari ne, yana kuma taimakawa a kan siraran haruffa. Babban farin akwati kuwa, ko an gusa shi ɗigo huɗu, tsakiyarsa tana nan a kan ɗigogin da take ci.

Mataki na huɗu: baƙaƙen gefe

Wannan ya shafe mu sosai saboda irin abin da muke kallo. Tsofaffin finafinan Hausa na zamanin kaset da faifan CD, da wa'azozin da aka ɗauka a wancan lokacin, da wasu tashoshin tauraron ɗan'adam, duk a tsohon fasalin 4:3 suke, sai su bar baƙin shafi a dama da hagu. Finafinan Indiya da na Amurka kuma sun fi allon faɗi, sai su bar baƙi a sama da ƙasa. Wurin da yake baƙi hutawa yake, tsakiya tana aiki. Bayan shekaru sai iyakar ta fito, kuma irin wannan tabon ya fi na tambari muni saboda tsawonsa.

Hanya biyu ce. Ko dai ka cika allon da maɓallin girman hoto, wanda ake rubutawa P.Size ko Ratio ko Aspect a rimot, ko ka mayar da gefen toka-toka. Ni na fi son ta biyun ga tsofaffin finafinai, domin miƙe hoton 4:3 yana sa mutane su yi faɗi su gajarce. A Samsung ana kiran saitin Side Grey, ka zaɓi Light. A Panasonic ka nemi saitin gefen 4:3 ka sa shi a mai haske. Sai dai in dikoda ko na'urar faifai ce take aiko da baƙin gefen a cikin hoton, talabijin ba za ta iya canza shi ba, sai ka gyara daga can ko ka yi amfani da Zoom. Fim ɗaya ko biyu mai baƙi a sama da ƙasa ba zai yi komai ba, muddin ana kallon wasu abubuwan masu cika allo a tsakani. Gidan da ba a kallon komai sai irinsu daga safe zuwa dare shi ne yake buƙatar Zoom.

Mataki na biyar: abin da yake zaune a allo ba ya motsi

Nan ne ainihin aikin, kuma ba a cikin Menu yake ba, a ɗabi'ar gida yake.

Mu fara da gidan kallo, inda filasma ta fi shan wuya. Ranar Asabar ana iya jera wasa uku ko huɗu a tasha ɗaya, akwatin sakamako da agogon wasa suna zaune a kusurwar sama, tambarin SuperSport a ɗaya kusurwar, kuma an ƙure haske don na baya su gani. Mai gidan kallo yana da dama biyu da ba sa cin kuɗi. Hutun rabin lokaci minti 15 ne. Maimakon a bar masu sharhi da allunan ƙididdiga, a juya zuwa wani abu mai cika allo da motsi, ko bidiyo daga filash. Haka ma tsakanin wasa da wasa. In kana da talabijin fiye da ɗaya, ka riƙa musanya musu tashoshi duk mako, kada ɗaya ta zama ta gasar Ingila har abada, ɗaya ta Sifen. Kuma ka toshe hasken da ke shigowa ta rufi da ƙofa; rumfa mai duhu ita take ba ka damar sauke Contrast ba tare da 'yan kallo sun yi ƙorafi ba.

Tashoshin labarai su ne na biyu. Rubutun ƙasa yana gudu, amma faifan launin da yake gudu a kai a tsaye yake, haka agogo da tambari. Maigidan da yake barin Aljazeera ko Channels tun safe har dare ya gwada Zoom, wanda a talabijin da yawa yake tura faifan ƙasan waje ko ya rage shi. In bai yi ba, a riƙa canza tasha bayan kowace awa biyu, ko da na minti goma ne.

Sai masu sauraro ba kallo ba. Gidaje da yawa ana kunna karatun Alƙur'ani ko wa'azi daga filash, ko tashar rediyo ta kan dikoda, allon yana nuna hoto ɗaya ko sunan fayil na awoyi. Wannan yana cikin mafi saurin kawo tabo, kuma maganinsa yana da sauƙi ƙwarai. A sashen Energy Saving, Samsung yana da Picture Off, LG yana da Screen Off. Allon zai mutu, sauti ya ci gaba, wuta ma ta ragu sosai. Danna maɓalli a rimot zai dawo da hoton.

Masu shagon gem, da yaran gida masu buga ƙwallo a PlayStation, su shiga saitin wasan su kashe ɗan taswirar fili da ke ƙasa, in za su iya wasa ba ita. Babbar illar ma ba a lokacin wasan take ba, a lokacin da aka dakatar da shi ne aka tafi salla ko cin abinci, allon zaɓi ya zauna minti arba'in. Doka ɗaya za a kafa wa kowa a gidan: in za ka tashi fiye da minti biyar, kashe talabijin ɗin, dikoda ko gem su ci gaba da zamansu.

Akwai kuma wanda wutar NEPA take jawowa. An ɗauke wuta ana cikin kallo, kowa ya watse ya kwanta, babu wanda ya kashe soket. Ƙarfe biyun dare wuta ta dawo, wasu talabijin suna tashi da kansu, dikoda ta kafe a kan saƙon rashin sigina ko na ƙarewar kuɗi, farin rubutu a cikin akwati, har asuba. Dare ɗaya zai bar inuwa, maimaituwarsa zai bar tabo. Da an ɗauke wuta a kashe daga bango. Hakan yana kuma kare ta daga wutar da take dawowa da ƙarfi. Ka kunna saitin da yake kashe ta in babu sigina, da wanda yake kashe ta in an daɗe ba a taɓa rimot ba, kuma mai yin barci a gaban talabijin ya saba da Sleep Timer.

Wasu ayyukan kuwa ba na filasma ba ne sam. Nuna kyamarorin tsaro a shago, allon farashi, jadawalin lokutan salla a masallaci, ko mayar da ita allon kwamfuta na yini guda: babu saitin da zai cece ta. A nemi LCD ko da ƙarama ce.

Idan inuwa ta riga ta fito

Kada ka firgita, kuma kada ka danna ko ka goge wurin da ƙarfi, abin ba a saman gilashi yake ba. Fara da mafi sauƙi: sa wani abu mai cika allo, mai launuka da motsi, marar tambari, na awa ɗaya ko biyu. Yawancin inuwa a nan take tafiya.

In ta ƙi, yi amfani da abin wanke allo na cikin talabijin ɗin. A Samsung sunansa Scrolling, wani faifan haske ne yake ratsa allon daga gefe zuwa gefe, kuma littafin kamfanin ya ce a bar shi kamar awa ɗaya. A Panasonic Scrolling Bar ne, yakan tsaya da kansa bayan minti 15, sai ka sake kunnawa in da buƙata. LG yana da Colour Wash da White Wash a ƙarƙashin ISM Method. Fara da na launuka, ka ajiye farin don mai taurin kai. Farin wanki yana aiki ne ta hanyar wahalar da allon gaba ɗaya, yana jan wuta da yawa, yana kawo zafi, don haka ba abin yi kullum ba ne, kuma ba a barinsa ya kwana. Bayan haka ka kaurace wa tashar da ta jawo inuwar na mako ɗaya ko biyu. Inuwa mai nauyi takan ɗauki kwanaki tana raguwa a hankali, hoton da ka ɗauka da waya shi zai nuna maka ko ana samun ci gaba.

In an yi makonni ana kallon abubuwa daban-daban shatin bai ko motsa ba, fosfon ya cinye. Babu mai gyaran da zai dawo da shi, babu sinadari, babu manhaja. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai cire maka tabon dindindin, riƙe kuɗinka. Abin da ya rage shi ne hana shi ƙaruwa, kuma da yake sauran allon ma yana tsufa, wani tabon yakan ɗan rage fitowa da shekaru. Kada kuma ka bari a shiga ɓoyayyen saitin masu gyara, ko a murɗa ma'aunin wutar allon da ke ciki da sunan ƙara haske. Akwai takardar da aka liƙa a jikin kowane allo mai ɗauke da adadin wutar da ya dace da shi, kuma kauce mata yana kawo ɗige-ɗige ko ya ƙona allunan lantarkin.

Zafi da ƙura

Filasma tana fitar da zafi, kuma inuwa ta fi kama allon da ya yi zafi sosai. Bar mata sarari kamar faɗin tafin hannu a sama da gefe, kada a cusa ta cikin kabad, kada a rufe samanta da ƙyallen ado tana aiki. Lokacin hunturu ƙura tana toshe ramukan iskar baya; cire ta daga wuta ka share su da busasshen burushi mai laushi. Gilashin kuma tsumma mai laushi ya ishe shi, in ya kama a ɗan jiƙa shi da ruwa kaɗan, ba a fesa komai kai tsaye. A watannin bazara, fanka mai kaɗawa ta bayanta tana taimakawa a gidan kallo mai rufin kwano.

Abin da ba tabo ba ne

Kafin ka yanke wa allon hukunci, ka tabbata tabon ne. Tabo kullum yana da siffar wani abu da aka taɓa nunawa: tambari, haruffa, akwati, iyakar gefe. Siririn layi mai launi ɗaya da ya tsaya daga sama zuwa ƙasa ko ya ratsa a kwance, ko rabin allo ya yi baƙi, ko jajayen ɗige-ɗige masu ƙyalli a wurare masu duhu, ko talabijin ta riƙa ƙyafta jar fitila ta ƙi tashi, waɗannan daga allunan lantarkin ciki suke, ko wayoyin da suka haɗa su da gilashin, ko kafasitocin da suka kumbura. Da yawansu suna gyaruwa, kuma masu gyara suna samun kayan daga matattun filasma irin samfurin. Kai dai kada ka buɗe bayan da kanka, akwai wuta kusan bolt 200 a ciki, kuma takan saura ko bayan an zare waya. Kai ta wurin wanda ya saba da filasma musamman, ka tafi da filash ɗinka mai launuka biyar, ka gwada allon a gabansa kafin ya buɗe, ka sake gwadawa kafin ka biya.